Wa Ke Zaɓa, Kai ko Tauraron? Kirki da Mugunta a Wasannin Bidiyo na Almara

A shekarar 1985 wani matashi Ba'amurke, Richard Garriott, ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Ultima IV. A cikinsa akwai shagunan sayar da kayan haɗa sihiri, kuma mai tsaron shagon makauniya ce. Ita za ta faɗi farashi, kai kuma ka ajiye mata abin da ka ga dama. Kana iya ba ta tsaba ɗaya a inda ta ce arba'in, ka kwashi kayanka ka yi gaba. Babu dogarin da zai biyo ka. Sai dai wasan ya rubuta abin da ka yi a wurin da idonka ba ya kaiwa, kuma sai ka je gaban Hawkwind, mai duban fadar sarki, za ka ji cewa gaskiyarka tana da saura.

Garriott ya sha faɗin cewa wasiƙun ƙorafi da ya samu kan wasanninsa na baya, inda sata da kisa suka kasance hanya mafi sauƙi ta samun nasara, su ne suka sa ya sauya akala. Ya gina Ultima IV ba tare da wani babban mugu da za a kashe a ƙarshe ba. Aikinka shi ne ka cika halaye takwas: gaskiya, tausayi, jarumta, adalci, sadaukarwa, mutunci, tsarkin ruhi da tawali'u. Ka gudu daga fagen fama, jarumtarka ta ragu. Ka ba da jini a gidan magani, sadaukarwarka ta ƙaru. Tun daga nan wannan nau'in wasa yake fama da tambaya guda: ta yaya na'urar da ba ta san komai ba sai lissafi za ta auna halin mutum? Abin da na gani shi ne, duk lokacin da wasa ya nuna maka ma'aunin a fili, ya kashe zaɓin. Zaɓi yana yin nauyi ne idan akwai abin da za ka rasa, kuma babu wanda ya gaya maka sakamakon tun da wuri.

Tushen abin ya girmi kwamfutar gida. Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, shi ne ya zo da al'adar cewa kowane ɗan wasa zai ƙirƙiri mutum, ya ba shi suna da sana'a, ya yi magana da bakinsa. Daga baya aka raba halaye gida tara, gwargwadon kirki ko mugunta, da bin doka ko bijire mata. A kan tebur akwai mai jan ragamar wasa, ɗan Adam ne mai hankali, yana iya gane dalilin da ya sa ka yi abu. Da aka mayar da wasan cikin na'ura, sai aka rasa wannan alƙalin, aka maye gurbinsa da maki.

Ba inda wannan ya fito fili kamar Fable, wanda kamfanin Lionhead na Ingila ya fitar a 2004 ƙarƙashin Peter Molyneux. In kana aikin kirki, haske zai kewaye kanka, malam-buɗe-littafi su riƙa binka. In kana mugunta, ƙaho zai tsiro maka, idanu su yi ja, ƙudaje su baibaye ka. Abin yana da daɗin kallo, kuma yaro ma zai gane shi. Amma dubi yadda ake tara makin. Cin awara yana ƙara maka kirki. Cin ɗan tsako da ransa yana ƙara mugunta. Zuba kuɗi a wurin bauta yana wanke ka. Wanda ya hallaka mutanen ƙauye zai iya sayen awara da yawa ya zauna ya ci har ƙahon ya koma. Duk wanda ya taso yana jin wa'azi kan riya ya san abin da ya lalace a nan. Alherin da aka yi domin ma'auni ya motsa ciniki ne, kuma ɗan wasa yana gane hakan cikin sa'a guda. Daga nan ya daina tambayar kansa mene ne daidai, ya koma tambayar wane ɓangare ne ya fi ba da makami mai kyau.

Kamfanin BioWare na Kanada ya gwada wata hanya a Dragon Age: Origins na 2009. Ya cire ma'aunin kirki gaba ɗaya, ya bar ka da abokan tafiya, kowa da ra'ayinsa. Ka tsaya taimakon talakawan ƙauye, Alistair ya ji daɗi, Morrigan ta ga ɓata lokaci ne. Wannan ci gaba ne na gaske, domin hukunci ya tashi daga sama ya dawo bakin mutane masu son rai irin naka. Labarin sarautar birnin Orzammar ya fi komai nuna ƙarfin tsarin. Harrowmont dattijo ne mai mutunci, Bhelen kuwa ya ci amanar 'yan'uwansa don neman gadon sarauta. Zuciya tana karkata ga dattijon. Amma in ka naɗa shi, zai rufe ƙofar birnin ya ƙara ɗaure tsarin da ya mayar da wasu mutane marasa asali, alhali Bhelen mai jini a hannu shi ne zai buɗe musu hanya. Mutumin kirki da sarkin kirki ba lallai su zama mutum ɗaya ba, kuma wasan ya bar ka ka gano hakan da kanka.

Duk da haka wasan ya ji tsoro a wani wuri. A Redcliffe aljani ya shiga jikin Connor, ɗan mai garin. Ko ka kashe yaron, ko ka yarda uwarsa Isolde ta ba da ranta a wani tsafi na jini domin a cece shi. Sai kuma ga hanya ta uku: ka tafi hasumiyar masu sihiri ka nemo taimako, kowa ya tsira. Tafiya ce mai nisa, ka bar aljani a gida cike da mutane, amma ko da yaushe ka dawo za ka tarar babu abin da ya faru. Da zarar ɗan wasa ya san da wannan, sauran hanyoyin biyu sun zama kuskure kawai.

The Witcher 3, wanda CD Projekt Red na ƙasar Polan ya fitar a 2015 bisa littattafan Andrzej Sapkowski, ya toshe wannan ƙofa ta uku. A Velen, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, Geralt mafaraucin dodanni ya haɗu da Phillip Strenger, tsohon soja mashayi da ya mamaye wani gari, yana neman matarsa Anna da 'yarsa Tamara. Sannu a hankali za ka gane guduwa suka yi saboda dukan da yake yi wa matar. Za ka tsane shi. Sannan wasan ya sa ka tafi tare da shi cikin dare, yana rungume da gawar jaririyar da aka yi ɓarinta, wadda ya binne ba suna har ta zama dodo, muryarsa na rawa yana raɗa mata suna. Wasan bai wanke shi ba, bai kuma ba ka damar ka daina ganinsa a matsayin mutum ba.

Neman Anna zai kai ka fadamar da mayu uku suke mulki, inda wata tsohuwa ke kiwon marayu. Mayun suka ce ka kashe wani ruhi da ke ɗaure a gindin bishiya a kan tudu. Ruhin kuma ya ce maka mayun cinye yaran za su yi, in ka sake shi zai cece su. Ba ka da hanyar tabbatar da maganar kowa. In ka sake shi, ya cika alkawari, yaran sun tsira, amma ya afka wa ƙauyen Downwarren ya hallaka mutanensa, mayun suka huce a kan tsohuwar, wadda ita ce Anna, ta mutu, mijinta ya rataye kansa. In ka kashe ruhin, ƙauyen ya tsira, Anna ta rayu cikin taɓin hankali, mijin ya ɗauke ta neman magani, marayun kuwa ba a sake ganinsu ba. Ba ka ganin ko ɗaya daga cikin wannan a lokacin da kake zaɓa. Sai bayan ka yi nisa da wasan labarin zai riske ka.

Akwai masu sukar wannan salo, kuma sukarsu tana da tushe. In kowace hanya jini ce, in kuma ba ka da ilimin da za ka yi hukunci da shi, to ba a gwada halinka ba, caca aka sa ka yi. Marubutan da suka kwaikwayi wannan wasa ba tare da ƙwarewarsa ba sun cika duniyoyinsu da baƙin ciki suna zaton shi ne zurfi. Abin da ya ceci The Witcher 3 daga wannan zargi shi ne labarin Ciri, 'yar riƙon Geralt. Rayuwarta ko mutuwarta a ƙarshen wasan ta rataya ne kan wasu ƙananan abubuwa da ba su yi kama da zaɓi ba. Tana cikin baƙin cikin mutuwar dattijo Vesemir, ka zauna shan giya da ita ne ko ka ja ta wasan jifa da ƙanƙara? Ta ce tana son ziyartar kabarin wani saurayi da ya taimake ta, ka raka ta ko ka ce babu lokaci? Za ta gana da manyan mata masu sihiri, ka bar ta ta shiga ita kaɗai ko ka bi ta domin ka kare ta? Wanda ya riƙa yi mata katsalandan da sunan ƙauna shi ne yake rasa ta. A nan ilimin da ake buƙata yana hannunka tun farko, in dai ka saurari yarinyar. Ban san wani wasa da ya faɗi magana mai nauyin wannan game da tarbiyya ba.

Sai dai har yanzu akwai tambayar da ke ƙarƙashin duka: wa ke zaɓa? Yaron da ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda a tashen azumi bai zama tsoho ba, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya; gwanintarsa ita ce ya yi tafiyar tsoho har a manta da yarintarsa. Haka ɗan wasan da ya san abin da yake yi yake tambayar kansa me wannan mutumin zai aikata, ko da shi kansa ba zai aikata ba. Mutane da yawa ba sa iyawa. John Ebenger, wanda ya yi aiki a BioWare, ya ce a 2020 kusan kashi 92 cikin ɗari na masu buga Mass Effect hanyar kirki suka bi, duk da wahalar da aka sha wajen rubuta ɗaya hanyar. Wannan wasan sararin samaniya ne, amma darasin ɗaya ne. Ina ganin alheri a cikin wannan adadi, domin ya nuna mutane suna shiga duniyar ƙirƙira da lamirinsu. Ina kuma ganin gazawar marubuta, waɗanda sau da yawa muguntar da suke bayarwa rashin kunya ce kawai da zagin bayin Allah, ba irin jarabawar da ke jan mutum mai hankali ba.

Planescape: Torment na 1999 ya fahimci tazarar da ke tsakanin mai wasa da tauraro fiye da kowa a zamaninsa. Sau da yawa zai ba ka jimla ɗaya sau biyu, ɗaya an yi mata alamar gaskiya, ɗaya alamar ƙarya. Wanda kake magana da shi abu ɗaya zai ji. Bambancin yana cikin niyyarka, kuma wasan ya tambaye ka ita kai tsaye. Tauraron mutum ne da ba ya mutuwa, ya rayu sau da dama ya manta, yana ta cin karo da ɓarnar da ya yi a rayuwar baya, har da fatalwar Deionarra, matar da ya yaudara da soyayya don biyan buƙatarsa. Ba kai ka yi ba, amma kai za ka tsaya a gabanta.

Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam, wanda ya fito a watan Agustan 2023, ya gaji wannan. Kana iya zaɓar tauraron da ake kira Dark Urge, mai ƙishirwar jini da bai san asalinta ba. Wata mawaƙiya mai suna Alfira za ta zo sansaninka da dare tana neman tafiya tare da ku, ka farka ka tarar da gawarta da jini a hannunka. Ba a tambaye ka ba. Zaɓinka yana farawa ne bayan haka: ka ɓoye, ka faɗa wa abokan tafiya, ka yi yaƙi da halin, ko ka miƙa masa wuya. 'Yan wasa sun gano dabarar sumar da ita kafin daren domin ta tsira, sai wasan ya aiko da wata mawaƙiyar ta mutu a madadinta. Amma shi ma wannan wasan yana da inda ya sassauta: jarumin da ya karya rantsuwarsa yana iya biyan zinariya a mayar masa da ita.

Babban abin da ke raunana duk wannan gini shi ne maɓallin adana wasa. Ka adana kafin zaɓi, ka gwada, in bai yi maka ba ka koma baya. Undertale na Toby Fox, a 2015, ya fuskanci wannan gaba da gaba. In ka kashe Toriel, wadda ta riƙe ka kamar uwa, sannan ka koma baya ka bar ta da rai, wani fure mai magana zai tare ka ya gaya maka ya san abin da ka yi da farko. Larian kuwa a ƙarshen 2023 ya ƙara wa Baldur's Gate 3 wani mataki mai ajiya ɗaya tak, inda abin da ya faru ya faru. An yi shi ne domin masu son yaƙi mai tsanani, amma inda ya fi tasiri shi ne zance. Wanda ke buga wannan matakin yana karanta kowace jimla sau biyu kafin ya amsa wa abokin tafiyarsa Astarion, a daren da yake roƙon a taya shi sadaukar da rayuka 7,000 domin kada wani ya sake mallakarsa har abada.