Hannun da ke Ciyar da Makaɗi: Sharhi kan Tallafin Masu Tasowa a Ƙasar Gwandu

Manazarta waƙar baka sun saba kasa makaɗan Hausa gida-gida, watau makaɗan fada, da na sana'a, da na maza, da na jama'a. In aka dubi wannan rabo da idon basira, za a tarar tushensa tambaya ce guda: wane ne ke ciyar da makaɗin? Manufar wannan sharhi ita ce nuna cewa hannun da ya tallabi makaɗi yana ɗanye, shi ke zaɓa masa jigo.

Makaɗin fada yana da ubangida. Ibrahim Narambaɗa ya jingina da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi kuwa da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sutura da doki da hatsi daga fada suke fitowa, saboda haka yaransu na amshi sukan shekara da shekaru suna koyo ba tare da fargabar abin sawa a baki ba. Ɗan talakan da ya taso a Sabiyal ko ƙauyukan Jega bai gaji wannan gata ba. Da damina yana gona, sai kaka ta yi ya rataya kalangu ya bi dandalin dambe da gidajen biki, abin da aka yi masa kari shi ne jarinsa.

Alhaji Muhammadu Gambu na Fagada, a ƙasar Maiyama, wanda ya rasu a 2016, ya isa misali. Hikimarsa ta sarrafa harshe ba ta gaza ta makaɗan fada ba, amma ɓarayi ya wasa, kuma da su sunansa ya tafi. Masu sukarsa sukan tsaya a kan munin jigon. Kamata ya yi a haɗa da tambayar da ta fi nauyi: wace ƙofa ce a buɗe ga mai irin wannan baiwa in ba shi da uba a fada?

Tallafin hukuma bai warware wannan ƙulli ba. Bukukuwa irin na kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, gwanayen da suka riga suka yi suna ake gayyata. Mai tasowa kuwa yawanci sai kakar zaɓe yake samun mai saye, ya rera yabo da zambo gwargwadon abin da aka biya.

Don haka ya kyautu ƙananan hukumomin Aliero da Jega da Maiyama su ware ɗan kaso don masu koyo: a saya musu kayan kiɗa, a biya gwanin da ke horar da su, a ɗauki muryoyinsu a adana. Sharaɗi ɗaya ne wajibi, kada a nemi yabo a madadin kuɗin. In an nema, an sake gina fada ne kawai, amma wadda ba ta riƙe yaro har ya ƙware.