Fomanda: Adon da Aka Riƙe Siffarsa, Aka Yar da Ƙamshinsa

Daga cikin sana'o'in hannu da suka samu karɓuwa a gidajen Turai da Amurka akwai haɗa fomanda, wato dunƙulen furanni mai siffar ƙwallo wanda ake ratayewa da zirin ƙyalle a bakin ƙofa ko a jikin kujerun ɗakin biki, ko kuma a ba yarinyar da ke tafe gaban amarya ta riƙe a maimakon damin fure. Wannan sha'awa abar yabo ce, domin duk abin da zai sa mutum ya ƙawata gidansa da hannunsa ya fi wanda zai sayo a kanti daraja, sai dai hanyar da aka fi koyarwa a yau ta raba abin da asalinsa, ta kuma jawo ɓarnar da masu yin ba su cika lura da ita ba.

Asalin fomanda turare ne. A Turai, musamman bayan babbar annobar da ta auka wa nahiyar tsakanin 1347 da 1351, mutane sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce ke yaɗa cuta, saboda haka masu hali suka riƙa cura ambar da almiski da jibda, su zuba a wani ɗan gida na zinariya ko azurfa mai huji-huji, su rataya a wuya ko a ɗamara suna shaƙa. An rubuta cewa Kadinal Wolsey, waziri ga Sarki Henry na Takwas na Ingila, yakan riƙe lemo da aka ƙwaƙule cikinsa aka cusa soso mai ruwan tsami idan zai ratsa taron jama'a. Ilimin likitanci ya rushe wancan imani, amma al'adar ta rayu a cikin lemon da ake soke wa kanumfari lokacin Kirsimeti.

Fomandar zamani kuwa a kan wani soso kore take zaune, wanda V. L. Smithers ya ƙirƙira a jihar Ohayo ta Amurka a 1954, aka sayar da shi da sunan Oasis. Ba a musun sauƙinsa: ana ɗora shi a kan ruwa a bar shi ya nutse da kansa, domin idan aka danna shi cikinsa zai zauna a bushe, sannan a zura igiyar ratayewa, a datse karan furanni gajeru, a yi ta cakawa ɗaya kusa da ɗaya har koren ya ɓace. Amma wannan soso roba ne da aka haɗa daga sinadaran fenol da fomaldihaid, ba ya ruɓewa kamar ganye, kuma da an murza shi sai ya zama gari, garin ya bi ruwan da aka zubar zuwa kwata. A 2019 masu bincike a Jami'ar RMIT ta Ostareliya sun nuna cewa ƙananan halittun ruwa suna haɗiyar wannan gari, kuma ƙungiyar RHS, mai shirya baje kolin furanni na Chelsea a Landan, ta hana amfani da soson a bukukuwanta daga 2021. Abin takaici shi ne, a daidai lokacin da ƙwararru ke janye hannu daga gare shi ake ɗora masu koyo a gida a kansa.

Akwai kuma lissafin da ba a faɗa wa mai farawa, wato idan aka ninka faɗin ƙwallo sau biyu, fuskar da za a rufe da fure tana ninkuwa sau huɗu, ga nauyin jiƙaƙƙen soso da kan sa igiya ta yanke shi, ga furannin da ke yaushi cikin 'yan kwanaki. Masu gudun wannan sukan koma ga furen roba da danko, nan ma babu ƙamshi ko kaɗan.

Tsohuwar hanyar lemo da kanumfari ta fi dacewa da gida, kuma mai karatu a ƙasar Hausa, inda kanumfari ke cikin kayan zoɓo da kunu, bai rasa komai na yin ta ba. Ana zaɓar lemo mai tauri marar tabo, a huda ɓawonsa da tsinke don kada kan kanumfarin ya farfashe a yatsa, a jera shi kusa-kusa amma da ɗan sarari, domin lemon zai tsuke idan ya bushe. Daga nan a birkiɗa shi a garin kirfa, a ajiye inda iska ke kaɗawa, ana juya shi kullum har 'yan makonni, sai ya yi sakayau ya taurare. Man da ke cikin kanumfari, wanda ake kira yujinol, shi ke hana hunhuna kama lemon, kuma busasshiyar iskar hunturu ta fi damina dacewa da aikin nesa ba kusa ba. Wanda ya fi son fure yana iya dunƙula ragar waya irin ta kejin kaji, ya cika ta da gansakuka ko ciyawa, ya soka busassun furanni, ya kuma sake amfani da ragar sau da yawa.

Gaskiya ne wannan hanya tana cin lokaci, kuma ba ta bayar da ƙwallo mai zagaye sumul irin wanda ake gani a hotunan biki, amma mai yi a gida ba shi da abokin ciniki da ke jiransa, don haka ba shi da uzurin gaggawar da mai shagon fure ke fakewa da ita. Ya kamata masu koyar da wannan sana'a su daina fara darasi da soson roba, su mayar da lemo da kanumfari da ragar waya su zama darasin farko.