Masu Neman Duhu: Duba Kan Wani Sabon Arnanci

A shekara ta 2001 wani Ba'amurke mai suna John J. Coughlin ya fito da littafi, Out of the Shadows, inda ya bayyana abin da ake kira arnancin duhu. Kada mai karatu ya ɗauka zancen Azna na Dogon Dutsi ne ko na Maguzawa, waɗanda suka gāji al'adarsu kaka da kakanni. Wannan sabon abu ne na ƴan birni masu ilimin boko, reshe ne kuma na arnancin zamani da ya fito fili a Ingila bayan an soke dokar hana sihiri a 1951, Gerald Gardner kuma ya sanar da addinin Wicca a 1954. A ƙidayar 2021, mutum wajen 74,000 a Ingila da Wales suka ce su arna ne.

Kukan Coughlin a kan ƴan'uwansa arna yake. Yana ganin sun mai da addininsu na haske da ƙauna da furanni kawai, sun kau da kai daga mutuwa da fushi da tsoro. A wurinsa duhu ba mugunta ba ne: dare ne, kabari ne, da ɓoyayyen gefen zuciya wanda masanin tunanin ɗan Adam Carl Jung ya kira inuwa. Don haka mabiya wannan hanya sukan kira alloli irin su Hekate ta Helenawa, mai dare da mararrabar hanya, da Morrigan ta Ailan, mai yaƙi, da Kali ta Indiya. Galibinsu ba sa yi wa Shaiɗan sujada, kuma wanda ya ɗora musu wannan ya yi shaidar zur. Abin da suke ɗaukakawa shi ne sanin kai, da ƴanci, da ɗaukar alhakin abin da mutum ya aikata, da daidaito tsakanin haske da duhu.

A ba su gaskiyarsu. Addinin da ba shi da wurin makoki bai san mutum ba. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan ba: ga Ayuba a cikin toka, ga Makoki, ga Zabura 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da ta'aziyya ba. Ikilisiyar da ke hanzarta wa gwauruwa waƙar murna tun hawayenta bai bushe ba, wannan zargi ya shafe ta.

Amma kalmar nan daidaito ita ce inda ginin ya tsage. Dare da rana suna daidaita juna, haka damina da rani. Zalunci fa, me yake daidaitawa? Mabiyan za su ce sun riga sun raba duhu da mugunta. To, wa ke ja layin? Amsarsu ita ce kowa da lamirinsa. Da yawa cikinsu ma ba su yarda da ka'idar Wicca ta kada a cuci kowa a matsayin doka mai ɗaurewa ba, har wasu na ganin jifa da la'ana halal ne idan mai yin ya ga ya cancanta. Ke nan mutum ɗaya shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartar da hukunci, alhali koyarwar inuwa da suka aro daga Jung cewa take yi mutum ba ya ganin mafi munin abin da ke cikinsa, yakan ma ɗora wa maƙwabcinsa. Wanda aka yi wa la'anar bisa kuskure ba shi da inda zai ɗaukaka ƙara.

Akwai kuma batun aron alloli. Hekate ta daɗe da rasa haikalinta, ba mai yin gardama dominta. Kali kuwa tana da miliyoyin masu bauta har yau, da babban haikali a Kalighat cikin birnin Kolkata, kuma su Uwa suke kiranta. Sabon arnen ya ɗauki harshenta da sarƙar ƙoƙunan kai da ke wuyanta, ya bar musu Uwar.