Bindigar da Takardarta ta Fi Ƙarfenta Tsada

A Amurka akwai wasu mutane da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin yaƙi, kuma a cikinsu akwai ƴan tsirarun da ba sa kallon komai sai irin bindigar nan mai zaɓi biyu: ka murɗa wani ɗan maɓalli ta riƙa harbi ɗaya-ɗaya, ka sake murɗawa ta yi ta zubo harsashi muddin yatsa na kan kunama. Su a ganinsu tarihi suke adanawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai in ka zauna ka saurari cinikinsu, tambayar farko da ake yi wa mai sayarwa ba ta shafi yaƙin da bindigar ta halarta ba. Ana tambaya ne ko tana da rajista, kuma rajistar wace iri ce.

Kayan da suke nema ba su da yawa tun asali. Bindigar Fedorov ta Rasha, wadda ta fito a 1916, ba a ƙera fiye da kimanin 3,200 ba. FG 42, wadda Jamus ta yi wa sojojinta na laima a Yaƙin Duniya na Biyu, kusan 7,000 ce kacal. StG 44 ta fi su yawa nesa ba kusa ba, sama da 400,000, amma yaƙi da narkarwa sun cinye akasarinta. Akwai kuma AR-10 ta Eugene Stoner, yayar M16, wadda wani kamfanin Holan ya ƙera ƙasa da 10,000. Sudan ce ta sayi kimanin 2,500 daga ciki a 1958, shi ya sa har gobe masu tarawa ke kiran wannan samfurin da sunan Sudan.

Abin da ya mayar da sha'awar nan wata aba dabam doka ce, kuma sau uku aka ɗaura mata ɗamara. A 1934, zamanin da ƴan daba ke ɓarin wuta da Thompson a titunan Chicago, majalisa ta ce duk bindiga mai sarrafa kanta sai an yi mata rajista, kuma duk sa'ad da za ta sauya hannu sai an biya harajin dala 200. A lokacin kuɗin ya kai farashin ita kanta Thompson ɗin, don an sa shi ne ya kori mai saye. Ba a taɓa ƙara shi ba, yau kuwa ko kuɗin harsashin wuni ɗaya bai kai ba. A 1968 aka hana shigo da irin waɗannan bindigogi daga waje domin farar hula, aka kuma buɗe afuwa ta kwana 30 a ƙarshen shekarar: duk mai wata a ɓoye ya kawo a rubuta, ba tambaya ba tuhuma. Sai ranar 19 ga Mayu, 1986, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a wata doka mai ɗauke da gyaran da ɗan majalisa William Hughes na jihar New Jersey ya cusa. Daga ranar aka rufe littafin rajistar. Bindigar da ba ta shiga kafin nan ba, farar hula ba zai taɓa mallakarta ba.

Alƙaluman da hukumar ATF mai kula da makamai ta fitar a 2016 sun nuna kusan 176,000 ne ke cikin rukunin da mutum zai iya sayar wa mutum. Adadin ba ya hawa, sai dai ya sauka, domin wadda gobara ta ci ko aka ƙwace ta tafi ke nan. Ƙasa da su akwai waɗanda aka shigo da su tsakanin 1968 da 1986, da dillalai masu lasisi kaɗai ke juyawa a tsakaninsu. Na ƙarshe su ne na bayan 1986, waɗanda dillali ma ba zai riƙe ba in ya bar sana'ar. Za ka iya jera bindigogi uku daga masana'anta ɗaya, kamanni ɗaya, aiki ɗaya, farashin ta farko ya ninka na ta uku sau da yawa. Kamar fili ne a tsakiyar birni: ƙasar duk ɗaya ce, takardar mallaka ake saye.

Cinikin kansa na masu haƙuri ne. Mai saye zai biya kuɗi, ya cika fom mai lamba 4, ya haɗa da hotonsa da zanen yatsunsa, a bincika tarihinsa, sannan ya jira. A shekarun baya jiran kan kai wajen shekara guda, bindigar na kulle a hannun dillali. In an amince, fom ɗin zai dawo da kan sarki na dala 200 manne a jiki. Ko zai ƙetara da ita wata jiha sai ya nemi izini, jihohi irin su New York kuwa sam ba su yarda ba. Magaji na iya gadonta ba haraji, amma shi ma sai da takarda.

A nan ne nake ganin da'awar adana tarihi ta fara rauni. Littafin rajistar ba masana tarihi ne suka tsara shi ba, sa'a ce ta cika shi: wane tsohon soja ne ya ji labarin afuwar 1968, wane ne bai ji ba, wane ne ya ji amma ya ƙi yarda da gwamnati. Saboda haka ƙarancin abu a duniya dabam, ƙarancinsa a littafi dabam. AK-47, wadda aka ƙera miliyoyi, wadda mu a nan muka san ƙararta fiye da yadda muke so, a Amurka ta asali mai rajista abar nema ce ruwa a jallo, yawanci ganimar da sojoji suka dawo da ita daga yaƙin Biyetnam. Ita kuwa AR-10 ta Sudan, da yawa daga waɗanda suka isa Amurka daga baya a wargaje suka shiga, ba tare da gangar jikin da doka ke ɗauka a matsayin bindigar ba, aka ɗora sassan kan sabon jiki mai harbi ɗaya-ɗaya. Rabinta tarihi, rabinta sabon ƙarfe. Har wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai babban yatsa ba, mai sa bindiga ta riƙa sarrafa kanta, doka na lissafa shi bindiga sukutum, in kuma an yi masa rajista kafin a rufe littafin a 1986, ana sayensa da kuɗin mota.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Mutumin da ya zuba sama da dala 200,000 a gwanjo ya ɗauki FG 42, ko dubun-dubatar daloli a kan M16 ta farko-farko, dokar da yake zagi ita ce ke gadin dukiyarsa. Ranar da aka sake buɗe littafin, FG 42 za ta riƙe darajarta don da ma ba ta da yawa, amma mai M16 zai kwana da asara. Ba na cewa duk munafukai ne. Da yawansu mutane ne masu ilimi, sun san tambarin kowace masana'anta da lambobin kowace shekara, kuma littattafan da suka rubuta gidajen tarihi ma na amfana da su. Sai dai wanda ya biya allura da kuɗin garma ba zai so allura ta yi arha ba.

Wanda abin ya fi shafa shi ne iyalin da ba su san komai ba. Tsoho ya rasu, ana share ɗaki, sai ga StG 44 a naɗe cikin bargo, ba takarda. A 2012 wata mata ta kai irinta wajen ƴan sandan birnin Hartford, a wani shiri na karɓar bindigogi daga hannun jama'a, ganimar da mahaifinta ya kawo daga Turai, sai da jami'an suka gaya mata abin da take riƙe da shi. Bindiga irin wannan in babu rajista ba a iya yi mata sabuwa, riƙe ta kuma laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara goma. Hanyar da ta rage ita ce a miƙa ta ga hukuma, ko ta ƙare a gidan tarihi na gwamnati, ko a yanka ta da wuta. An sha gabatar da ƙudurin sabuwar afuwa domin ganimar tsofaffin sojoji a majalisa, har yanzu babu wanda ya zama doka.