Masu Kai Murya Inda Kwalta Ba Ta Kai Ba

Mutumin da ke zaune a unguwar Dar es Salam a Yamai, in ya murɗa akwatin rediyonsa, tashoshi ne ke rige-rigen shiga kunnensa: Muryar Sahel, Anfani, Tenere, Sarauniya, Bonferey. Amma ran da aka yi masa rasuwa, yana son labari ya iske dangin da ke warwatse cikin tungaye da rugage kafin gari ya waye, lambar wani saurayi yake lalubowa, mai aiki a ƙaramin gidan rediyon karkararsu. Ya karanta masa sunaye ta waya, ya tura kuɗin sanarwa. Bayan magariba saƙon ya shiga gidajen da ba lantarki, ba hanyar mota, wasu ko layin waya ba ya kamawa. Aikin wannan saurayi da ire-irensa gwaninta ce babba, kuma ba a cika yaba musu ba.

Abin yana da tushe. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, inda ake tara mutanen gari su saurari shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai Yamai. A 1999 kuma aka buɗe tashar al'umma mai aiki da hasken rana a Bankilare, cikin jihar Tilaberi, da hannun cibiyar ACMAD mai nazarin yanayi da ke Yamai, aka kuma raba akwatunan da ake wana su da hannu, ba ruwansu da batir. Daga nan abin ya bazu, yau tashoshin irin wannan sun haura 100 a ƙasar.

Farkon abin da gwani ya sani shi ne halin zangon FM. Gajeren zango yakan tashi sama ya faɗo ƙasa mai nisa, shi ya sa ake jin tashoshin ƙetare a cikin daji. FM kuwa miƙe yake tafiya kamar hasken cocila da dare: tudu ya tare shi, kwari ya ɓoye masa. Saboda haka tsawon ƙarfen eriya yakan fi ƙarfin na'ura amfani. Wanda ya san aiki, kafin a haƙa ramin ƙarfen, sai ya zaga gari ya nemi wuri mafi tudu, ya duba ta ina ƙauyuka suka fi yawa. Ƙaramar na'ura a bisa dogon ƙarfe, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, tana iya kai murya kilomita 20 ko fiye. A dasa ta a kwari, ko rugar da ke bayan tudu ba za ta ji ba.

Sai lissafin wuta, kuma nan ne nake ganin hankalinsu ƙarara. Abin da farantan hasken rana suka tara da yini, shi za a ci da dare, ba ƙari. Gwani ya san awa nawa baturansa ke ɗauka, ya san in ya tatse su ƙarƙaf sau da yawa sun mutu ke nan, kuma kuɗin sababbi ba ya cikin asusun tasha. Don haka yake yanka lokaci: kaɗan da safe kafin a fita gona, mai yawa bayan magariba sa'ad da kowa ya dawo gida. Lokacin hunturu, kullum sai ya hau ya share ƙurar da ta rufe farantan. A zafin Afrilu yana kula kada na'ura ta yi zafi ta ƙone. Da hadari ya haɗo ya kashe, ya zare wayoyi, ko da shiri ya yi daɗi, don tsawa ɗaya ta isa ta rufe tasha wata da watanni. Ba ya taɓa kunna na'urar watsawa in wayar eriya ba ta haɗe, domin ƙarfin da bai sami mafita ba cikinta yake komawa. Mafi yawansu a bakin aiki suka koyi wannan, daga hannun wanda ya riga su.

Duk wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin a baki yake.

Ɗauki cigiyar saniya. Wanda bai iya ba, zai ce saniya ta ɓata, wanda ya gani ya taimaka. Gwani zai tambayi mai ita launinta, yadda ƙahonta ya tanƙwara, shaidar da ke cinyarta ko tsagar kunnenta, ko tana da ciki, ranar wace kasuwa ta ɓace, a kusa da wace rijiya. Ya faɗa a hankali, ya maimaita, sannan ya juya shi cikin Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci, gwargwadon masu saurarensa. Wanda ke sauraro ba shi da takarda a hannu, abin da kunne ya riƙe shi ke nan.

Hasashen damina ya fi wuya. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, da ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasa suna fitar da bayani cikin Faransanci, da milimita da kaso cikin ɗari. Masana na cewa a jira ruwan da ya kai kimanin milimita 20 kafin a yi shuka. Mai gabatarwa ne zai mai da wannan maganar manomi: a tona a ga zurfin damshi, kada ruwan farko ya ruɗi mutum ya zuba irinsa duka, mai niyyar binne ya san akwai yiwuwar fari ya biyo baya. Kuma dole ya bar hasashe a matsayin hasashe. In ya ce lalle za a yi ruwa ran Laraba, ba a yi ba, ya zubar da amanar da ya yi shekaru yana tarawa, gobe ko rigakafin yara ya sanar ba za a fito ba. Tun 2016 Studio Kalangou na aiko wa tashoshi da yawa shirye-shirye daga Yamai cikin harsuna biyar, abin kirki ne ƙwarai, amma farashin tiyar hatsi a kasuwar gobe sai ɗan gari.

Inda na fi jinjina musu shi ne bayan girbi, lokacin da hukuma ke tsai da ranar sakin gonaki don dabbobi su shiga kiwo. Kuskuren kwana ɗaya a bakin mai sanarwa na iya sa garke ya faɗa gonar da ba a kwashe wake ba, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka. Gwani ba ya karanta wannan sanarwa sai ya ga takarda da hatimi. Yana faɗin ranar da sunanta da kwanan watanta, ya ambaci yankin da ta shafa da wanda ba ta shafa ba, ya tuna wa kowa burtali, ya faɗa da harshen manomi ya faɗa da na makiyayi, kalma ɗaya ba ta fi wata nauyi ba. Sau da yawa yakan gayyato mai gari da arɗo su zauna gaban makirufo ɗaya, kowa ya faɗa wa mutanensa da bakinsa.