Tsokaci a kan Keɓaɓɓun Kalmomin Sadarwar Kwamfuta da Tsaronta a Hausa: Misali daga Jalingo

1.0 Gabatarwa

Masana sun daɗe suna tattauna matsalar keɓaɓɓun kalmomi a Hausa. Tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, har zuwa Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ƙoƙarin da aka yi shi ne a sama wa harshen kalmomin da zai ɗauki ilimin zamani da su. Sai dai akwai fagen da ya bunƙasa bayan waɗannan ayyuka, wato sadarwar kwamfutoci da tsaronta, wanda kalmominsa suka shigo Hausa ba tare da wata hukuma ta zauna a kansu ba. Manufar wannan maƙala ita ce auna wasu daga cikin kalmomin da ake amfani da su a wannan fage, ta fuskar ɗalibin da ke shirin jarrabawar ƙwarewa irin su CCNA ta kamfanin Cisco da Security+ ta CompTIA. An ɗauki Jalingo a matsayin misali.

2.0 Dalilin Zaɓen Jalingo

Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, aka kuma kafa jami'ar jihar a cikinta a 2008. Gari ne na masu harsuna da dama, kamar Mumuye da Fulfulde da Jukun da Tibi da Kutep, kuma Hausa ce ke haɗa mafi yawansu a kasuwa da tasha da unguwa. Jarrabawar da ake magana a kanta da Ingilishi ɗan Nijeriya yake rubuta ta, kuma babu alamar za a mayar da ita Hausa. Amma ɗalibi ba ya tsayawa ga harshen littafi. Idan abu ya shige masa duhu, abokinsa zai warware masa da harshen da suka fi sakewa a ciki. A gari irin Jalingo, inda ɗaliban biyu kan kasance ba harshen uwa ɗaya gare su ba, Hausa ce ke ɗaukar wannan nauyi. Bugu da ƙari, wanda Hausa ta zame masa harshe na biyu yakan ɗauki kalma yadda ya ji ta, domin ba shi da zurfin da zai gane inda ta kauce. Saboda haka a irin wannan wuri ne aibin kalma ya fi fitowa fili.

3.0 Mafarin Kalmomin

Ana iya kasa kalmomin da ke yawo a yau gida uku. Kashi na farko na bakin jama'a ne, waɗanda suka yaɗu tun zuwan wayar hannu a 2001, kamar sabis da layi da data da caji. Kashi na biyu na kafofin watsa labarai ne, kamar yanar gizo da manhaja da kutse da kalmar sirri. Kashi na uku na kamfanoni ne da injinan fassara: Microsoft ya fitar da fuskar Windows da Hausa tun zamanin Vista, Google Translate ya shigar da Hausa a 2013, Facebook kuma a 2016. Kowane kashi ya biya buƙatar da ta haife shi. Ɗan jarida yana son mai sauraro ya fahimci labari cikin daƙiƙa talatin, kamfani yana son mai waya ya san inda zai latsa. Babu ɗaya daga cikinsu da aka gina domin mai koyon sana'ar, wanda za a tambaye shi bambancin abubuwa biyu masu kama da juna.

4.0 Matsalolin da Aka Lura da Su

4.1 Kalma ɗaya, ma'ana da yawa

Wannan ita ce babbar matsala. Yanar gizo ana faɗinta ga intanet baki ɗaya, ana kuma faɗinta ga shafukan da ake buɗewa a kanta, alhali shafukan hidima ɗaya ce kawai cikin hidimomin da intanet ke ɗauka. Hanyar sadarwa kuwa tana nufin tarin na'urorin da aka haɗa, tana nufin igiyar da saƙo ke bi, wani lokaci har rediyo da jarida. Ɗalibin da zai haddace matakai 7 na tsarin OSI, inda igiya take mataki na 1, adireshin IP yake mataki na 3, ba zai ci ribar kalmar da ta dunƙule su wuri ɗaya ba. Haka nan manhaja, wadda aka aro daga Larabci, malamai sun daɗe da saninta da ma'anar tsarin abin da za a koyar. Yanzu an ɗora mata ma'anar shirin da ke tafiyar da kwamfuta. Idan aka ce wa ɗalibi ya nemo sabuwar manhajar jarrabawa, ba a san wanne daga cikin biyun ake nufi ba.

4.2 Fassarar kalma da kalma

Nan ne injinan fassara suka fi yin ɓarna. Lambobin da kwamfuta ke bambance hidimomi da su, daga 0 zuwa 65535, waɗanda 80 da 443 suke na shafukan intanet, ana cin karo da su an fassara su da tashar jiragen ruwa, domin kalmar Ingilishin tana da wannan ma'ana ita ma. Fayawol kuma an mayar da ita katangar wuta. A asalin kalmar, katanga ce da ke hana gobara tsallakawa. A kunnen Bahaushe kuwa, katangar wuta ta fi kama da katangar da aka yi da wuta, kamar yadda katangar ƙasa take ta ƙasa. Ko da an gyara wannan, hoton bai dace da aikin ba, domin na'urar ba ta toshe komai da komai, tacewa take yi bisa ƙa'ida.

4.3 Bayani a madadin suna

Ana samun rawuta an fassara ta da na'ura mai ba da hanya tsakanin hanyoyin sadarwa. Bayanin daidai ne, amma ba suna ba ne. Kalma takwas ba za su shiga jimla sau biyar a sakin layi ɗaya ba, kuma ba a iya yi musu jam'i cikin sauƙi. Harshen da ya karɓi mota da rediyo da injin ba shi da dalilin ƙin rawuta.

5.0 Abin da Hausa ke da Shi

Abin mamaki shi ne, ma'anonin da suka fi wahalar da ɗalibi su ne waɗanda Hausa ta fi wadata da kalmominsu. Jarrabawar tsaro tana bambanta tabbatar da ko wane ne mutum da ba shi damar abin da zai taɓa. A fada, baƙo yakan faɗi ko shi wane ne, sannan a yi masa iso. Tantancewa ta isa ga na farko, iso ko izini ga na biyu. Tana kuma bambanta mai neman cutarwa da kafar da zai bi da kuma yiwuwar asara. Karin maganar nan da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga ta riga ta raba su: ƙadangare shi ne barazana, tsagar ita ce rauni, abin da ka iya biyo bayan haɗuwarsu shi ne kasada. Ga fayawol kuwa, ganuwa ta fi dacewa, domin ganuwar Kano ko ta Katsina da ƙofofinta aka san ta, kowace da mai tsaronta. Da an ɗauki wannan, lambobin nan sai su zama ƙofofi, a ce an buɗe ƙofa ta 443 an rufe ta 23, kalma ɗaya ta jawo 'yar'uwarta. Juya saƙo yadda ba mai karanta shi sai mai makulli, wanda ake fassarawa da ɓoyewa kawai, ya fi kusa da zaurance, domin saƙon yana nan a fili, ma'anarsa ce ta ɓuya, kuma wanda ya san ƙa'idar zai mayar da shi yadda yake.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da ma'auni biyu. Sunayen na'urori da taƙaitattun haruffa irin su IP da TCP a are su, a daidaita su da furucin Hausa inda ya kama, tun da ɗalibi zai gamu da su a takardar jarrabawa da wurin aiki. Ma'anoni kuwa a nemo su daga cikin harshen, bisa sharaɗin kowace ma'ana da kalmarta. Wannan aiki ya fi ƙarfin masanin harshe shi kaɗai, domin wanda bai san aikin na'ura ba zai iya zaɓen kalma mai daɗi wadda ba daidai ba. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su zauna da sassan kimiyyar kwamfuta, tare da hukumomi irin su NERDC da NITDA, a fitar da jerin kalmomi. Kafin a buga shi kuwa, a gwada shi a garuruwa irin Jalingo da Wukari da Yola, domin kalmar da Bakano ya gane da taimakon al'adarsa ba lallai ne ta isa ga Bamumuye ba, kuma masu amfani da Hausa a matsayin harshe na biyu suna da yawan da bai kamata a tsara irin wannan ƙamus ba tare da su ba.