Daga Runduna zuwa Jarumi Guda: Nazarin Wasan Chainmail da Littafin Ganɗoki

A wannan maƙala muna so mu yi tsokaci a kan wani wasa na Turawa, sa'an nan mu auna shi da abin da ke gare mu.

A shekarar 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka wallafa Chainmail a Amurka. Littafi ne na ƙa'idojin shirya yaƙi irin na zamanin takobi da sulke, a bisa tebur, da 'yan mutum-mutumi. Kowane guda yana tsaye a madadin mayaƙa ashirin, ana jefa ɗan lido don a san wanda ya faɗi. Amma a ƙarshen littafin sai aka yi ƙari, aka shigo da matsafa da dodanni da jarumi wanda shi kaɗai ya yi daidai da mutum huɗu. Dave Arneson ya ɗauki wannan ƙari ya gina wasansa na Blackmoor, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da mutum guda tak. Daga nan shi da Gygax suka fito da Dungeons & Dragons a 1974.

To, wannan sauyi ba baƙo ba ne a adabinmu. Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya fara ne da yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, wato tarihi tsantsa. Da bindiga ta rinjayi takobi, sai marubucin ya kwashe jaruminsa ya kai shi duniyar aljannu, inda takobi ke da sauran amfani. Hanyar ɗaya ce: daga tarihi zuwa ƙage, daga runduna zuwa mutum guda.

A ganinmu an ci riba, an kuma yi asara. Ribar ita ce jarumi ya sami suna da hali da labari. Asarar kuwa, dakaru da 'yan baka da masu ɗaukar guzuri sun ɓace, alhali yaƙi ba ya yiwuwa sai da su.

A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, bayan an girbe dawa, yara kan ƙera dawaki da kara ko laka, su ja daga. A langa ma, ruwa ba ya isa gida sai abokansa sun kare shi. Waɗannan wasanni suna riƙe da abin da Chainmail ya saki, sai dai ƙa'idojinsu a ka suke, wayar hannu kuwa tana janye masu yin su.

Saboda haka muna kira ga malaman kwalejojin ilmi da su tura ɗalibai su rubuto ƙa'idojin nan daga bakin dattawa. Wasan Gygax ya yaɗu ne domin an rubuta shi. Namu ma haka yake bukata.